Babi na Shida: Ƙulla Leshi Daga Tsohon Tsarin da Aka Rubuta da Wani Harshe

Akwai wani nau'in leshi da ake yi da hannu, ba da kwarashi ba, ba da allura ba, sai da 'yar ƙoshiya wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba, mai kama da ta masaƙa, ana naɗa zare a cikinta. Matan Turai sun yi wannan sana'a sosai a ƙarni na 19, suna yi wa bakin mayafi da wuyan riga ado, kuma yawancin tsare-tsaren da suka bari a rubuce da Faransanci ne, ko Jamusanci, ko Ingilishi. Ɗaya daga cikin fitattun littattafan shi ne wanda Thérèse de Dillmont, 'yar ƙasar Ostiriya, ta fitar a 1886 lokacin da take aiki da kamfanin zare na DMC a garin Mulhouse, wanda yau yake cikin Faransa.

Kada rashin jin harshen ya sa mai koyo ta karaya, domin aikin duka abu huɗu ne kawai, wato ƙulli biyu a haɗe, da zobe, da baka mai haɗa zobe da zobe, da ɗan madaukin da ake bari tsakanin ƙulli da ƙulli don ado ko don haɗi. Wadda ta gane sunan waɗannan huɗun ta gama da yawancin shafin, saboda abin da ya rage lambobi ne, lamba kuwa ɗaya ce a duk harsunan nan uku. Faransawa suna kiran ƙullin "nœud double", zoben "anneau", madaukin "picot". Jamusawa kuma suna cewa "Doppelknoten" da "Ring" da "Bogen", na ƙarshen shi ne baka. A rubuta su a bangon littafin aiki, kowane da Hausarsa a gefe.

Tsofaffin littattafai suna da yawan zance, sukan cika rabin shafi kan abin da layi ɗaya zai ɗauka. Saboda haka kafin a taɓa zare, a kwafe lambobin kaɗai a jere. Idan an rubuta 3-3-3-3, ana nufin a yi ƙulli uku (kowanensu biyu ne a haɗe), a bar madauki, a sake uku, a bar madauki, har a cika ƙulli goma sha biyu da madauki uku, sannan a ja zaren ƙoshiya zoben ya rufe. Inda za a haɗa da madaukin zoben baya, a sa alamar + maimakon ɗan layin. Daga nan a ɗauki hoton da ke cikin littafin a ƙirga madaukan da tsinin allura, domin akan sami kuskuren ɗab'i, kuma idan rubutu da hoto suka saɓa, a ganina hoton ya fi cancantar a bi, tunda daga aikin da aka gama aka zana shi.

Abin da babu rubutun da ke koyar da shi da kyau shi ne juyin ƙulli. Dole a sassauta zaren da ke hannun hagu, a miƙe na ƙoshiya sosai, ƙullin ya koma kan zaren hagu. In bai juya ba, zare zai cije, zobe ya ƙi rufewa, warwarewa kuwa tana cin lokaci. Bayan kowane ƙulli a ɗan ja zaren a tabbata yana zamewa.

Game da zare, yawan lambarsa shi ne sirantarsa: lamba 80 siriri ne ƙwarai, lamba 10 mai kauri. Tsofaffin tsare-tsare sun fi son siriri, amma mai koyo ta fara da lamba 10 mai launi mai haske, wanda ake ganin ƙullinsa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin gida: a yi zobe biyar na 3-3-3-3, a haɗa kowane da wanda aka yi kafinsa a wurin madaukin farko, a kawo wa malama a darasi na gaba.