Darasi ɗaya, siga uku: murya, hoto, rubutu

Malamai ƴan uwa, in za ku tura darasi ta WhatsApp, ku bar dogon bidiyo. Ku raba darasin uku.

Murya: minti 3, batu ɗaya tak. Ba ta cin ko mega ɗaya, bidiyo mai tsawonta kuwa ya kan ci ninki goma.

Hoto: ku rubuta taƙaitawa da baƙin alƙalami a farar takarda, layi takwas, manyan baƙaƙe. Ku ɗauka da rana a inuwa, kada ku kunna fitilar waya, tana sa ƙyalli. WhatsApp na matse hoto, ƙananan rubutu su dushe, don haka ku tura shi a matsayin fayil.

Sai tambayoyi uku a rubuce.

Ɗalibin da ke Dakoro ko Madarunfa, rezo na zuwa yana tafiya, zai samu ko guda cikin ukun. Mai jinkirin karatu ya saurara sau biyu. Ku sa wa ukun lambar darasi iri ɗaya, yaro da yawa wayar babansa yake ara da dare, saƙonni sun cakuɗe.

A lissafi murya ba ta isa. Dole yaro ya ga kowane mataki, sai ku ɗauki hotuna bi da bi, ko ku bar shi sai an haɗu a aji gaban allo.