Yadda Ake Adana Sinadarai Masu Haɗari a Wurin Aiki

Sinadari mai haɗari ba ya jiran a taɓa shi kafin ya yi ɓarna. Ya isa a ajiye shi kusa da abin da ba sa jituwa, ko a bar shi cikin zafi, ko a manta da shi a lungu shekara da shekaru. Fashewar da ta auku a tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agustan 2020, wadda ta hallaka mutane fiye da 200, ta samo asali ne daga kimanin tan 2,750 na amoniyam naitiret, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, da aka jibge a wani sito tun 2014 ba tare da kulawar da ta dace ba. Siton masana'anta ko na asibiti ko na makaranta ba zai tara adadin nan ba, amma ƙa'idar ba ta canzawa.

Abin da za a fara yi shi ne rubuta duk abin da ke cikin siton: sunansa, yawansa, ranar da ya shigo, da inda aka ajiye shi. Kowane sinadari kuma ya zo da takardar bayanan kariya daga kamfanin da ya samar da shi. A tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da sa musu alamar haɗari, wanda aka fara wallafawa a 2003, takardar tana da sassa 16, kuma mai kula da sito ya fi buƙatar sashe na 7, mai bayanin yadda ake riƙewa da adanawa, da sashe na 10, mai lissafa abubuwan da bai kamata sinadarin ya haɗu da su ba. A ajiye kwafin takardun a wajen ɗakin, domin ranar da hayaƙi ya turnuƙe ba wanda zai shiga ɗauko su.

Babban aikin shi ne rarrabawa, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mai son tsari yakan jera kwalabe bisa haruffan sunayensu don sauƙin nema, alhali wannan jerin na iya sa abokan gaba biyu kafaɗa da kafaɗa. Bisa irin haɗarinsu ake raba su, sannan a jera kowane rukuni yadda ake so. Asid ba ya zama kusa da alkali irin su soda mai ƙuna. Idan bilic ya haɗu da asid yana sakin iskar kulorin, idan kuma da amoniya ya haɗu yana sakin wani tururi mai illata huhu. Gishirin sayanayid da asid suna haifar da iskar da ke kisa cikin ɗan lokaci. Sinadaran da ke ƙara wa wuta ƙarfi, kamar naitiret da haidurojin feroksayid, dole su yi nesa da fetur, tina, man inji, katako da kwali. Asid ɗin naitirik yana buƙatar wurinsa na daban ko a cikin 'yan uwansa, saboda yana iya tayar da wuta idan ya haɗu da asid ɗin asetik. Sodiyam, fotasiyam da kabaid kuwa ruwa ne maƙiyinsu, don haka ba a ajiye su ƙarƙashin famfo ko inda rufi ke yoyo.

Ɗakin kansa ya kasance mai sanyi, busasshe, iska na shiga tana fita, rana ba ta dukan kayan kai tsaye. Tururin fetur da na yawancin ruwaye masu saurin kamawa ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi daɓe har ya tarar da tartsatsi a nesa, shi ya sa ake buƙatar mafitar iska ta ƙasa-ƙasa, ba ta sama kaɗai ba. Irin waɗannan ruwaye a kabad ɗin ƙarfe mai jure wuta ake kulle su. Kada a saka su a firijin gida, domin makunnin fitilarsa da na'urar daidaita sanyinsa suna iya yin tartsatsi a cikin rufaffen wuri da tururi ya cika.

A kan kanta, manyan mazubai da ruwaye masu ƙuna fata su zauna ƙasa da tsayin ido, kantar kuma a kafe ta da bango, a yi mata ɗan baki da zai hana kwalba zamewa. A ɗora jarkoki da durom a kan tire ko cikin shingen da zai tare abin da ya zube. Ma'aunin da aka saba bi a ƙasashe da dama shi ne ya iya ɗaukar kashi 110 cikin ɗari na abin da ke cikin mazubi mafi girma. Silindar gas a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa, da murfi a kan bawul, ta iskar oksijin kuma nesa da ta gas mai kamawa.

Duk abin da aka juye a wani mazubi a rubuta masa suna da alamar haɗari nan take. Zuba sinadari a gorar ruwan sha ko kwalbar lemo ganganci ne da babu uzurin da zai wanke shi, ko da na minti biyar ne. A riƙa fara amfani da wanda ya riga shigowa, a kuma rubuta ranar buɗewa a jikin irin su ita (ether), wato sinadarin da ke tara abubuwa masu fashewa idan ya daɗe yana shan iska. Kwalbar da aka ga ƙanƙara-ƙanƙara ta taru a bakin murfinta kada a murɗa ta, a kira ƙwararru.

Kusa da ƙofa a tanadi safar hannu da ta dace da sinadarin, tabarau na kariya, yashi ko abin tsotse ruwan da ya zube, na'urar kashe gobara irin wadda takardar ta ambata, da wurin wanke ido, inda wanda abu ya fantsama wa zai wanke na aƙalla minti 15 kafin a kai shi asibiti. Makulli ya zauna a hannun waɗanda aka horar kaɗai, kuma a sa ranar da ake zagaya siton a duba tsatsa, kumburin jarka da takardun da suka goge.