Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa 'yan tsaki da manyan kaji a lokacin sanyi da ruwan sama

Sau da yawa idan tsako ya mutu bayan an haɗa shi da manyan kaji, sai a ce saran manya ne. Amma duba inda aka tsinci gawar: can lungu mai laima, cikinsa wayam. An kore shi daga mazubin abinci, an ture shi daga busasshen wuri, yunwa da sanyi suka ƙarasa shi. A lokacin marka dare ɗaya ya isa.

Babban kuskuren shi ne gaggawa. A makon farko tsako na buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ana rage kusan digiri 3 duk mako, kuma gashinsa ba ya cika sai wajen mako 6. Kafin nan, tattausan gashin ƙuruciya da ya jiƙe sai ya manne a fata, ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. Ɗaga fiffikensa ka duba, ka duba wuya da baya. In da sauran wannan gashi, lokaci bai yi ba. Ko gashin ya cika, a irin wannan yanayi na fi son a jira su kai mako 10 zuwa 12, jikinsu ya kusa na manya. Kuma kada ka raba su da fitilar ɗumi yau ka kai su cikin manya gobe. Fara kashe ta da rana, sannan da dare, su yi mako guda ba ita tukuna.

Wasu kuma sai su buɗe ƙofa kawai su zuba su. Kaji sun san babba da ƙarami a tsakaninsu, baƙo kuwa sai ya sha sara kafin a ba shi gurbi. Ruwan sama na ƙara dagula abin, don kowa na tsare a ɗaki, babu wurin gudu. Gyaran shi ne raga. Ka keɓe wa ƙananan gefe mafi bushewa, suna ganin juna ba sa taɓa juna, mako 1 zuwa 2. Bayan haka ka buɗe 'yar kafa a ƙasan ragar, wadda tsako zai shige amma babbar kaza ba za ta iya ba, ka bar abincinsu da ruwansu a ciki. Zaɓi ranar da gari ya washe, kuma a sake su a ƙungiya, don tsako tilo shi zai kwashi saran gaba ɗaya. Masu saka su cikin dare ba su yi laifi ba, muddin za su tsaya a kai da asuba, lokacin da rigimar ke tashi.

Sai shimfiɗa, wadda a ganina ita aka fi rainawa. Manyan kaji kan ɗauki ƙwayoyin cutar kashin jini, wato koksidiyosis, jikinsu ya saba, amma suna zubar da su a kashinsu. A shimfiɗa mai danshi, cikin kwana 1 zuwa 2 ƙwayoyin sun kai su kama tsakon da ya tsattsage su. Za ka gan shi ya yi tsuru, fukafukai a sake, ido a lumshe, kashinsa da jini-jini. Damƙi dusar katakon a hannunka: in ta dunƙule ta ƙi wargajewa, ta jiƙe, kwashe ta ka zuba busasshiya, musamman kewayen mazubin ruwa. In ka ga jini a kashi, nemi likitan dabbobi a ranar. Maganin amfuroliyam na aiki idan an fara da wuri.

Tsoron sanyi kan sa a toshe kowace taga da leda. Tausayi ne, amma danshi da warin amoniya daga kashi sai su taru su lalata musu numfashi. Toshe ƙasa inda iska ke bugun su, ka bar sama a buɗe. Idan ka tsuguna idonka ya yi yaji, su da ke ƙasan sun daɗe suna shaƙa.

Abincin masu ƙwai na ɗauke da kalsiyam, sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, kusan kashi 4 cikin 100, mai tasowa kuwa kusan kashi 1 yake buƙata, yawansa na cutar da ƙodarsa. A ba kowa abincin masu tasowa, a ajiye wa masu ƙwai dakakken ɓawon ƙwai a kwano daban. Mazubi ɗaya kuma ba ya isa, a sa biyu ko uku nesa da juna.

In daga waje ka sayo su, a killace su aƙalla mako 2, a tabbatar sun sami rigakafin cututtukan kaji na Newcastle da Gumboro. Wanda aka ji wa rauni a fitar da shi nan take har ya warke, don kaji in sun ga jini ba sa ƙyalewa. Kowace magariba a makon farko ka ɗauki ƙananan ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. Wanda tasa ba kome bai ci ba, a mayar da shi bayan raga.