Ga mai son tallata ofishin duba damuwa a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata ƙanwata ta buɗe ofishin ba da shawara kan damuwa a Agege, ta tambaye ni yadda za ta yi talla. Ga abin da na ce mata, ko zai amfani wani.

Kada ki yi alƙawarin warkarwa cikin sati ɗaya. Mutanenmu na Mile 12 da Idi-Araba suna tsoron a ce sun haukace, da sun ji "taɓin hankali" sai su gudu. Ki ce rashin barci, yawan tunani, faɗuwar gaba. Ki yi gajeren saƙon murya da Hausa a WhatsApp, ki faɗi karatunki da kuɗin zama.

Labarin wanda ya zo wurinki kuwa, ko kin sauya suna, kada ki saka. A Agege kowa ya san kowa. Na san matar da ta daina zuwa don ta gane kanta a rubutun mai duba ta, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ki nemi izinin malam ki yi wa matan Islamiyya bayani. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinki, ki tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, kuma ki faɗi hakan tun a tallar.