In alƙalancin gasar karnuka ya kawo ka Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai zuwa alƙalanci Kumasi, ka taho da riga ta daban a jaka. Wuni guda kana buɗe bakin kare kana duba haƙora, kana shafa ƙashin baya, kafin azahar rigarka ta sha yawu da gashi. Ni sai na canza nake shiga masallaci a Zango.

Kada ka gama ka kama hanya a ranar, ƙara kwana ɗaya. Da sassafe ka hau trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, zuwa garin Ntonso, kan hanyar Mampong. Can za ka ga yadda ake buga zanen adinkra, wato alamomin gargajiya na Asante, a kan tufa: hatimin da ƙwarya ake sassaƙa shi, tawadar kuwa ɓawon itace ne ake dafawa har ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri. Suna bari baƙo ya buga da hannunsa, sai dai ka naɗe hannun riga, don tawadar tana kama tufa. Kente kuma, wato tufar saƙi ta Asante, sai garin Bonwire, a yi ciniki sosai.

In ka dace da Lahadin Akwasidae, bikin gargajiya na Asante da ke zagayowa duk kwana 42, to wuce Manhyia, fadar Sarkin Asante, tun da hantsi. Tsohon ginin na 1925 yanzu gidan tarihi ne.