Babi na Bakwai: Aiki a Sama, Daga Tsani Zuwa Ƙarfen Sabis

Hawa sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni akwai masu hawan giginya da dabino, da masu ɗaura amya a kan rimi ko ɗorawa, da maginan da ke hawa soro su yi yaɓe kafin damina. Abin da ya sauya shi ne tsawon abin da ake hawa da yawan masu hawan. Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, ƙarafan sabis suka cika birni da ƙauye, wani mita 30, wani ya haura 50. Ga benaye a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, ga tankunan rijiyar burtsatse, ga falwayoyi, ga sola a kan rufin kwano. Kowanne a cikinsu sai da wani ya hau da ƙafarsa ya ɗaura shi. Wataƙila kai ne, ko ƙanenka, ko mijinki.

Faɗuwa ba ta jira

Wanda bai taɓa zamewa ba yakan ce, “Ai in na ji zan faɗi sai in kama wani abu.” To, ga lissafi. Abin da ya faɗo daga sama yana cin kusan mita 5 a daƙiƙa ta farko. Kafin daƙiƙa 2 su cika ya ci kusan mita 20, gudunsa kuma ya kai wajen kilomita 70 a awa, kamar motar da ta hau titi sosai. Hawa ɗaya na bene kamar mita 3 ne. Ke nan wanda ya zame daga rufin gida mai hawa ɗaya, kafin ya gama cewa “Innalillahi” ya iso ƙasa. Babu hannun da ke da wannan saurin.

Kada kuma a raina gajeren wuri. A ƙarfen sabis tsoro kan sa mutum ya nutsu. A kan katanga ko tsanin mita 3 ne ake sakin jiki, ana waya, ana raha, alhali ƙeyar da ta bugi bulo ba ruwanta da daga ina ta taho.

Ƙugiya biyu

Wani yaro da ke koyon aikin ƙarfen sabis ya sa belin tsaro, ya ga igiya biyu suna reto, kowace da ƙugiyarta.

“Oga, ɗaya ba ta isa ba? Wannan ai nauyi ne kawai.”

“In ka zo inda ƙarfe ya gitta, yaya za ka wuce?”

“Sai in cire in maƙala a gaba.”

“Tsakanin cirewa da maƙalawa, me ke riƙe da kai?”

Yaron ya yi shiru.

“To, a nan ake faɗowa, ɗana. Maƙala ta biyu tukuna, ka ja ta ka ji ta kama, sannan ka cire ta farko. Daga barinka ƙasa har ka dawo, kada a sami ko ƙiftawar ido da ba ka ɗaure.”

In babu abin da ka riƙe a wannan babi sai maganar nan ta ogan, ka riƙe mai yawa. Sauran duk bayaninta ne.

Belin da ake nufi shi ne mai shiga kafaɗu da cinyoyi, da zoben ƙarfe a baya tsakanin kafaɗu. Igiyar da aka ɗaura a ƙugu kawai ba ta maye gurbinsa: in mutum ya faɗi, duk nauyinsa zai taru a ciki da ƙashin baya, ko ya kife kai ƙasa ya zame. Kowace safiya a bi belin da hannu, a duba ɗinki, a duba inda wutar walda ta ƙona ko siminti ya ci. Ƙugiyar da ba ta rufe bakinta da kanta ta gama aiki. Belin da ya taɓa tare mutum a faɗuwa shi ma ya gama aiki, ko da a ido sabo ne fil.

Sai inda za a maƙala. A nemi ƙarfe mai ƙarfi na jikin ginin, sama da kai in ya samu. Ba bututun ruwa ba, ba wayar eriya ba, ba ƙusar kwano ba. Tambayi kanka: wannan zai ɗauki ƙaramar mota in an rataya masa? In ka yi shakka, nemi wani.

Akwai wani abu da har tsofaffin hannu ke mantawa. Igiyar tsaro mai ƙunshi a jikinta, in mutum ya faɗi ƙunshin yakan warware don ya rage fizgar. Igiyar mita 2 ce, warwarewar tana iya ƙara kusan mita 2, ga tsawon mutum, ga ɗan sarari da ake bari. Jimla ta haura mita 6. In inda ka maƙala bai kai haka daga ƙasa ba, za ka bugi ƙasa da belinka a jiki. A gajeren wuri, gajeriyar igiyar da ba za ta bar ka ka kai bakin rufi ba ita ce daidai.

Tsani

Tsani ya fi kowane kayan hawa yawa a gidajenmu, shi ya sa aka raina shi. Ƙa'idarsa ɗaya cikin huɗu ce: in inda ya jingina mita 4 ne daga ƙasa, gindinsa ya nisanci bango da mita 1. Kansa ya zarce bakin rufi da kamar mita 1 don ka sami abin kamawa wajen sauka. A ɗaure shi a sama, ko wani ya taka gindin. Kada a ɗora shi a kan bulo ko durom don ya ƙara tsawo. Kana hawa fuskarka na kallonsa, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna kansa kullum. Guduma da sufana su shiga jaka, a jawo su da igiya daga baya.

Dandamalin gora ko katako da magina ke haɗawa a jikin bango shi ma a duba shi kafin a hau. Katako ɗaya tal ba wurin tsayuwa ba ne, kuma ba a tara masa bulo kamar rumbu.

Wuta, iska da hadari

Manyan wayoyin da ke bi ta unguwanni suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000. Irin wannan ba sai ka taɓa ta ba, tana tsallakowa in ƙarfe ya matso. Mai ɗaga rodi ko kwano ko tsanin ƙarfe a saman gini ya fara duba inda waya take, ya bar aƙalla mita 3 tsakaninsu. “Ai an ɗauke wuta” ba hujja ba ce. Wanda ya ɗauke bai yi maka alkawarin lokacin da zai kawo ba, kuma janaretan wani gida da aka haɗa ba daidai ba yana iya turo wuta cikin layi. A ƙarfen sabis kuwa, ba a tsayawa a gaban eriya mai aiki sai an kashe ta ko an rage mata ƙarfi.

Iskar da ke kaɗa riga a ƙasa, a mita 40 tura mutum take yi. Da hunturu yatsu kan sandare, ƙura ta sa ƙarfe santsi. Da bazara ƙarfe kan yi zafin da hannu zai sake shi ba shiri. Da damina, in ka ga walƙiya fara ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa, kilomita 1 ke nan tsakaninka da ita. Amma gaskiyar magana, wanda ke kan ƙarfe ba ya buƙatar ƙirga. Da ka ji rugugi, sauko, kuma kada ka koma sai an yi minti 30 ba a ji wani ba. A kuma ɗaga kai kafin hawa, don zuma da rina da shaho suna son waɗannan ƙarafa.

Jikinka ma kayan aiki ne

Wanda bai yi barci ba, mai zazzaɓi, mai jiri, mai farfaɗiya, ranar ba tasa ba ce. Da azumi a yi aikin sama da sanyin safiya. Masu shan ƙwaya don “ƙarin ƙarfi” kuwa, ni a ganina su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin abin da ƙwayar ke fara kashewa shi ne tsoro, tsoron nan kuma shi ke tuna maka ƙugiya. Haka sabo yake yi wa gwani a hankali; ba banza aka ce sabo turken wawa ba. Silifa da babbar riga su tsaya a ƙasa. Hular kwano a ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita za ta riga ka sauka.

Za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkalin.

Na ƙasa ma suna da haƙƙi. Noti ɗaya daga mita 30 ya isa ya fasa kai. A kewaye gindin wurin da igiya, a kori yara da masu talla, a bar mutum ɗaya da ba shi da aiki sai kallon na sama. Ba a hawa a kaɗaice.

In abin ya faru

Wanda bel ya tare yana reto bai tsira ba tukuna. Jini kan taru a ƙafafunsa har ya suma, don haka a sauko da shi cikin mintuna, shi kuma ya riƙa motsa ƙafafu. Tun kafin a hau ake shirya yadda za a sauko da mutum.

Wanda ya faɗo ƙasa, kada a ɗauke shi caɗak, wannan ya kama hannu wancan ƙafa, a cusa shi a adaidaita-sahu. In ƙashin baya ya karye, wannan ɗaukar ce ke taɓa laka ta bar mutum a kwance har ƙarshen rayuwarsa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kada wuya ya juya, a danne inda ke zubar jini da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ruwa. A Najeriya a kira 112. In dole sai an ɗauke shi, a sa shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya da baya a miƙe, a nufi asibiti kafin a yi zancen mai ɗori. In wayar wuta na jikinsa, kada kowa ya taɓa shi sai an tabbatar an kashe wutar.

A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, ke kula da ita. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cirewa daga kuɗin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da mai aikin cikin kwana 14, kuma su adana takardun asibiti. Ga inda karatu da rubutun da muke koyo za su yi rana.

Aikin aji

Rufin wani shago mita 6 ne daga ƙasa. Mita nawa gindin tsani zai nisanci bango?

Ka ga walƙiya, ka ƙirga 12 sannan ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninka da ita?

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: tsani, ƙugiya, igiya, walƙiya, ƙyaure. Gobe kowa ya auno tsawon katangar gidansu, ya zo da amsar a rubuce.