Kurakuran da aka fi yi wajen taɓa saitin U-Boot daga cikin Linux

Mai gyaran rauta a gefen kasuwar Dole da ɗalibin da ke ɗora OpenWrt, wato Linux na rauta, a ɗakinsa a Sabon Gari, duk wuri guda suke tuntuɓe a nan Damagaram: fayil ɗin /etc/fw_env.config. Layi ɗaya ne ko biyu, amma shi ke nuna wa fw_printenv (umarnin karanta saiti) da fw_setenv (umarnin rubuta shi) inda U-Boot, manhajar da ke tayar da Linux in an kunna na'ura, ya ajiye saitinsa a cikin filash, wato ma'ajiyar na'urar. Ana rubuta sunan sashe, inda saitin ya soma, girmansa, sai girman yankin da ake gogewa a tashi ɗaya.

Mafi muni shi ne mutum ya ga “Bad CRC, using default environment” ya ce ai gargaɗi ne kawai, ya wuce ya yi rubutu. Bayit 4 na farkon saitin lissafin CRC32 ne na duk abin da ke biye, wanda ake tantance lafiyar saitin da shi. In bai dace ba, abin da ka gani a allo ba na na'urarka ba ne, na cikin manhajar fw_printenv ne. Da ka bugi fw_setenv, wannan baƙon saitin za a zuba a wurin da ka nuna. In wurin sashen art ne a rauta mai Atheros, ka goge ma'aunin Wi-Fi ɗinta, kuma na kowace na'ura daban yake. Don haka kafin komai, kwafe sashen da umarnin dd, ko nanddump in filash ɗin NAND ne, ka ajiye kwafin a kwamfutarka.

Me ke kawo gargaɗin? Galibi lissafi. Mutane na ɗauko adireshin da suka gani a U-Boot, wanda ake ƙirgawa daga farkon filash gaba ɗaya, su manna shi gaban sunan sashe kamar /dev/mtd1, alhali a nan daga farkon sashen ake ƙirgawa, sau da yawa ma 0x0 ne. Wasu kuma su ɗauka girman saiti da girman sashe abu ɗaya ne. Sashe na iya zama 0x20000, saitin kuwa 0x10000, wato KiB 64, kuma sai ya yi daidai cif da CONFIG_ENV_SIZE, girman da aka sa lokacin haɗa U-Boot. Sifiri ɗaya ya faɗi, ya koma KiB 4. Umarnin cat /proc/mtd zai nuna maka sunan kowane sashe da girmansa. Aron fayil ɗin wata rauta don kwalinsu ya yi kama, wannan caca ce.

Wani lokaci lissafin lafiya lau, ba a taɓa ajiye komai ba ne tun daga masana'anta. Jona wayar siriyal, yawanci a gudun 115200, tsayar da U-Boot, buga saveenv, sannan ka sake karantawa daga Linux.

Sai batun kwafi biyu. In an haɗa U-Boot da saitin ko-ta-kwana, akwai ƙarin bayit ɗaya bayan CRC mai nuna wanne ne sabo, kuma dole fayil ɗin ya zama layi biyu. Layi ɗaya ba zai karanta ba. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, balle a zafin Afrilu, wannan tsarin ya fi ƙarfin ado: in wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu, tsohon kwafin na nan.

Karatu ya yi, rubutu ya ƙi? In ma'ajiyar eMMC ce, sa 0 a /sys/block/mmcblk0boot0/force_ro. A MTD kuwa, wato sassan /dev/mtd, duba ko an kulle sashen a bayanin allon na'ura (device tree).

Ƙarami ɗaya mai kashe yini: fw_setenv bootcmd ba tare da ƙima ba yana share bootcmd, umarnin tayar da na'ura, ɗungurum. In kuma akwai ; ko $ a cikin ƙimar, rufe ta da alamar ' gaba da baya, in ba haka ba rabinta kaɗai zai shiga, rautar ta tsaya cak a U-Boot sai ka kwance murfi.